Muryar Yaya Asabe da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun haɗu ba na wurin. Kuna cewa mahaifiyarku ce ta kashe mini kwamfuta saboda rashin sani, ni kuma na bi ƙanin matar ɗan'uwanku Nasiru har shagonsa na ci masa mutunci a gaban jama'a a kan tsohon ƙarfen da ko kyauta ba wanda zai karɓa. Har jikokina sun haddace shi a haka, suna kwaikwayon yadda wai na ɗaga sanda. Ban ɗaga sanda ba. A shekarar ban ma fara riƙe sanda ba. Kashin farko na labarin zalunci ne ga mahaifiyarku, kashi na biyu kuma an gutsure masa kai. Na tsallake muku sunayen makarantun da na yi da ranakun da aka ƙara mini girma a aiki, don ba abin da za su amfane ku da shi. Wannan shekarar kam ba zan tsallake ta ba.

Sai kun fara sanin abin da ke cikin kwamfutar. Yayata Asabe, wadda kuke kira Goggo, ta girme ni da shekara goma, kuma a ɗakin kakarmu Dije ta tashi. Da ciwo ya kwantar da ita, muka ɗauko ta muka kawo ta gidanmu na Maikunkele. A lokacin na daɗe da barin aikin awon yanayi, amma halin aikin bai bar ni ba: in na ga abu zai wuce, sai in so in kama shi kafin ya wuce. Kullum da hantsi, in ta sha kunu, sai in ɗora kwamfutar a kan 'yar kujera a gabanta, in danna wurin ɗaukar murya, ta yi ta magana. Da farko ta raina abin.

"Wannan farantin naka yana ji kuwa, Umaru, ko dai ka mai da ni mai surutu ita kaɗai?"

"Yana ji, Yaya. Ya ma fi ni ji."

"To ai da sauƙi. Kai tun kana yaro ba ka ji."

Wata uku muna haka. Ta ba da labarin kakanmu Mamman, yadda ya biyo masu shimfiɗa layin dogo da allurarsa da zarensa yana ɗinke wa leburori riguna, har ya kafa rumfa a bakin tasha. Ta bi zuriya, wa ya haifi wa, wa ya tafi kudu bai dawo ba, wa ya yi fushi ya canza unguwa. Abu ɗaya take ta kewayewa, shi ne Kaka Dije. Mu dai mun san tsagar fuskarta ba irin tamu ba ce, mun san ba ɗan'uwanta ko ɗaya da ya taɓa zuwa gaishe ta, kuma an hana mu tambaya. Sai a zama na ƙarshe, kwana tara kafin rasuwarta, Yaya ta ce in rufe ƙofa. Ta gaya mini cewa kamo Kaka aka yi tana 'yar shekara bakwai ko takwas, a wani hari, ta fita ɗiban ruwa. Ta faɗi sunan garinsu, ta faɗi sunan uwarta, ta faɗi sunan da aka raɗa mata kafin ta zama Dije. Sau ɗaya ta faɗa. Ni kuma, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana rubuta ruwan sama a littafi biyu, ɗaya a kan tebur ɗaya a kabad ɗin ƙarfe saboda gobara, ban ɗauki biro ba, don na ce inji yana ji. Idona cike yake da hawaye, sunayen kuma ba na wani harshe da na sani ba ne, suka shiga ta nan suka fita ta can. Bayan rasuwarta na kasa buɗe wannan zaman in saurara, na ce sai zuciyata ta yi sanyi. Ban kwafe shi ko'ina ba. Wannan laifin nawa ne, na rubuta shi da hannuna don kada wani ya ce na ɓoye.

Yanzu ga maganar mahaifiyarku. Manyan cikinku suna tune da shekarar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone firiji da talabijin da rediyon da na sayo a Alƙahira, har labulen falo ya fara ci. Ranar na tara ku duka a tsakar gida na kafa doka: duk lokacin da ƙwan lantarki ya fara lumshewa yana haskakawa, a bi ɗaki-ɗaki a zare kome daga bango, kada a tsaya neman izinin kowa, ko da ni ne zaune a gaban abin. Ni na faɗa da bakina. Kuka girma kuka watse, dokar ta rage a hannun mutum ɗaya, mahaifiyarku Hajiya Rabi, ta riƙe ta shekara ashirin ba fashi. Ba abin da ya sake ƙonewa a gidan nan, kuma ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Ranar Juma'a ce, cikin damina, wata biyar bayan rasuwar Yaya. Na gama rubuta wata wasiƙa, na danna in kashe kwamfutar in tafi masallaci, sai ta ƙi. Ta fito da rubutu cikin Turanci wai tana sabunta manhajar da take aiki da ita, kada a kashe ta, ga wasu ɗige-ɗige suna ta zagaye. Ban ce ta yi ba. Ba ta tambaye ni ko yanzu ya dace ba. Na zauna a Sudan, na zauna a Senigal, na yi kwas a wata ƙasar Turai inda ake neman gafarar fasinja in jirgin ƙasa ya makara da minti biyu, ban taɓa ganin baƙon da zai ce wa mai gida ya tsaya kada ya motsa, wanka yake a ɗakinsa ba, sai wannan. Waɗanda suka ƙera ta suna zaune a inda wuta ba ta ƙiftawa, sun ɗauka duniya duka haka take. Ba su san Minna ba, inda muke maƙwabtaka da madatsun ruwan da ke haska garuruwan wasu, mu kuma muna zaman duban ƙwan fitila kamar masu jinya. Amma ni ai na san Minna. Na san batirin kwamfutar ya mutu tun shekara biyu, da an zare waya take ɗaukewa. Na fito ƙofa na dubi gabas na ga hadari ya haɗo, na ce a raina kafin a sauko daga masallaci iska za ta taso. Aikina ke nan, ban cika kuskure a kansa ba. Na san abin da iska ke yi wa wayoyin unguwarmu. Na san dokar gidana. Kalma biyar ta isa: Hajiya, kada ki taɓa wannan. Ban faɗa ba. Na ji kiran salla, na sa hula na fita.

Iska ta taso kamar yadda na ce, fitila ta fara rawa. Mahaifiyarku ta bi ɗakuna ta zare firiji, ta zare fanka, ta shiga ɗakina ta ga kwamfuta a kunne da rubutu a fuskarta. Tana karanta Hausa, tana karanta ajami, ta sauke Alƙur'ani tun kafin in aure ta; Turanci ne ba ta yi ba. Ta zare. Da na dawo a jiƙe ta tare ni a ƙofa tana murna.

"Alhaji, ka tafi ka bar abinka a kunne. Allah ya sa na gani, da yanzu ya bi rediyon Masar."

Da wuta ta daidaita na kunna ta. Ta nuna tambarinta, ɗige-ɗigen suka zagaya, fuskar ta koma shuɗiya da wani dogon Turanci, ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta sake yin haka, kamar majinyacin da ke yunƙurin tashi zaune yana komawa. Na bar ta ta yi wajen sau goma, sannan na rufe ta, na naɗe ta a zanen Yaya na sa a akwati. Ban yi wa Hajiya faɗa ba, Allah shi ne shaida. Ku ne kuka yi mata. Kafin magariba labari ya kai Kaduna da Abuja, wayarta ba ta huta ba, ina zaune ina jin muryoyinku suna fitowa.

"Haba Mama! Abin da ba ki sani ba ki riƙa bari mana."

"Mama, ai an rubuta a jiki kada a kashe. An rubuta fa!"

An rubuta wa wa? Da wane harshe? Matar da ta yi shekaru tana hura wuta tun asuba don ku karya ku tafi makarantar da kuka koyo Turancin, ita kuke gaya wa an rubuta. Daga ranar ta daina shiga ɗakina, ta daina taɓa soket. In za ta yi guga sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, Alhaji zo ka jona mini, kada in ɓata. A gidan da ta tsare shekara ashirin! Ni ma ina da kaso a wannan, don shiru na yi, kunya ta hana ni in ce muku ni ne na fita ban yi magana ba. Yau na faɗa.

Tun ranar na san wadda zan kai wa. Marigayi Yohanna, ɗan Gbagyi ne, mun yi shekaru muna karɓar juna aiki a tashar awo ta filin jirgi. 'Yarsa Rifkatu ita ke gyara wa malaman jami'a kwamfutoci a Gidan Kwano, kuma na taɓa ganin yadda take aiki: kafin ta taɓa inji sai ta zaunar da mai shi ta tambaye shi me ke ciki, me ba zai iya rasawa ba. Sai dai a makon nan ta haihu, tana jego a gidan mahaifiyarta, ni kuma ba zan shigar wa mai jego da kwamfuta a hammata ba. Na ce in jira ta yi arba'in, muryar da ke ciki ba inda za ta. Wannan jiran ne kuka kira taurin kai. Nasiru, da yake shi ne a gari, a Fadikpe, duk zuwan da zai yi sai ya tayar da maganar.

"Baba, Bala fa injiniya ne. Minti talatin ya gama maka."

"Abin da ake gamawa a minti talatin ba shi nake nema ba."

"Kai dai Baba ba ka yarda da na gida."

Bala shi ne ƙanin matarsa Zainab, yana da shago a layin masu gyaran waya da kwamfuta a cikin gari. Wata Laraba, mako uku bayan Juma'ar, na tafi jana'iza Bosso da safe, na dawo na tarar da akwati a buɗe, zanen Yaya a ninke a kan gado. Hajiya ta ce Nasiru ne ya zo ya ɗauka, wai zai ba ni mamaki. Ta ce ta so ta hana shi.

"To me ya sa ba ki hana ba?"

"Ni da na ɓata? Da wane bakin?"

Na tari keke. Ban taɓa jin hanyar Maikunkele zuwa cikin gari ta yi tsawo irin na ranar ba. Na tarar da shagon cike, kiɗa na tashi, kwamfutoci jere a kan benci kamar kaji a wurin figa, kowacce da filashi soke a gefenta. Tawa ce ta uku, a fuskarta wani layi yana cika sannu a hankali. Nasiru na zaune yana shan lemo. Bala ya taso da fara'a ya rusuna.

"Baba, sannu da zuwa! Ka tona mana asiri. Saura kaɗan, za ka ga ta dawo sabuwa dal."

"Me ka yi mata?"

"Fomat kawai, Baba. Na wanke ta tas, yanzu sabon sistem nake zuba mata. Har wa'azi da karatu zan sa maka, kyauta."

"Abin da ke ciki fa?"

"Ai shi ya hana ta tashi. Datti ne ya yi mata yawa."

"Ka kwashe shi kafin ka wanke?"

Ya dubi Nasiru. Nasiru ya dubi kwalbar lemo.

"Yaya Nasiru dai cewa ya yi a tashe ta. Kowa haka muke masa, Baba. Duk layin nan haka ake yi."

Na miƙa hannu bayan benci na fizge wayar daga bango, kwamfutar ta ɗauke. Bala ya ɗora hannu a ka wai ba a katse ta tana cikin aiki, zan lalata ta. Ni yake gaya wa! Sai na faɗi maganar da kuke ta maimaitawa, ga ta kuma yadda na faɗe ta, ba ragi ba ƙari:

"Kai ba injiniya ba ne, Bala. Injiniya yana tambaya. Kai mai wankin mota ne, kuma ko mai wankin mota yana rufe gilashi kafin ya watsa ruwa."

Aka kashe kiɗan. Masu shaguna suka leƙo. Wata mata da ke zaune tana jiran tata ta miƙe ta ce, hotunan bikin 'yarta fa, suna nan? Bala ya kau da kai. Na ɗauki kwamfutata da cajarta na fita, Nasiru na bina yana Baba, Baba, ban waiwaya ba.

Kuna cewa na tsananta. Bari in gaya muku abin da idona ya gani. A Omdurman na kai agogon mahaifina gyara. Tsohon bai buɗe shi ba sai da ya tambaye ni na wane ne, ya taɓa faɗuwa, ya taɓa shiga ruwa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da ya cire ya ajiye a jere, har guntun ƙarfen da ya karye ya naɗe mini a takarda ya ce nawa ne, ba nasa ba. A Dakar akwai mutumin da ke gyara mana ma'aunin iska, in ya zo sai ya rubuta inda allura ta tsaya kafin ya kwance ko noti ɗaya. Ba ma sai na je nesa ba: kakana Mamman, a rumfarsa ta bakin tasha, na gan shi da idona, ba ya sa almakashi a tsohuwar riga sai ya juye aljihunta a gaban mai ita. Ba ɗayansu da ke da takardar shaida a bango. Abin da suka sani shi ne kayan da ke gabansu na wani ne. Bala yana da takardu uku a firem, ga injiniya an rubuta da manyan baƙaƙe a allon shago, abin da ya iya kuma guda ɗaya ne: ya share. Mura ce, ya share. Karaya ce, ya share. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugu ba ne. Cikin ladabi da fara'a ya yi mini wannan ɓarnar, yana tsaye yana jiran in sa masa albarka.

Washegari na yi abin da na ce ba zan yi ba. Na ce wa Hajiya ta shirya mu je barka Gidan Kwano. Ta ɗauki sabulu da kayan jariri, ni na ɗauki kwamfuta ina jin nauyin kaina. Na gaida mahaifiyar Rifkatu da Gbagyi, na nemi gafarar shigowa da aiki, sannan na ba Rifkatu labari tun daga Juma'ar. Ta miƙa wa Hajiya jaririn ta ce a ɗauko mata jakar aikinta. Hausarta irin ta cikin garin nan ce.

"Baba, tun da ka cire a wurin Bala, ka sake kunna shi?"

"A'a."

"Yauwa. Kar ka sake. Duk kunnawa daya yana taka abin da ya rage."

Ta kwance bayan kwamfutar ta zaro faifan da ke ajiye kome, abu kamar tafin hannu, ta jona shi da tata. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce fomat kamar a yage takardar da ke ƙofar sito ne, wadda ke nuna wane buhu ke ina. Buhunan suna nan. Amma zuba sabuwar manhaja kamar a shiga siton ne a zazzage buhunan da ke kusa da ƙofa a zuba wasu kaya a ciki. Iyakar inda Bala ya kai kafin in fizge waya, iyakar ɓarnar ke nan. Sai na yi tambayar da ke cina.

"Da na kawo miki ita yadda take ranar Juma'ar fa?"

"Ah, Baba. Wannan ba komai ba ne. Sistem ne ya tsaya rabi, kamar mutum ya sa kafa daya a wando. Kayanka ko daya bai taba ba. A awa daya zan kwashe maka, in mayar da shi baya yadda yake, ka tafi gida."

Sai ta juya wajen mahaifiyarku.

"Mama, ke ba ki bata komai ba fa. Ni ma in wuta yana rawa haka nake cirewa. Da ba ki cire ba ya zo da karfi, faifan nan ne zai kone, sai dai addu'a."

Hajiya ta sunkuyar da kai tana jijjiga jaririn, na ga hawaye na ɗiga a kan tawul ɗinsa. Ku da kuka kira ta daga Kaduna da Abuja ba wanda ke wurin. Na kira ku ɗaya bayan ɗaya na gaya muku abin da Rifkatu ta ce, kowa ya ce to, Allah ya kyauta, ba wanda ya ce a ba ta waya. Har yau ba ta ji yi haƙuri daga bakin ɗayanku ba. Tana nan da ranta, lambarta kuma ba ta canza ba.

Kwana huɗu Rifkatu ta yi a kan aikin, tsakanin shayarwa da wanka, da wutar solar gidan. Ta fara kwafe faifan gaba ɗaya a kan wani, ta ajiye nawa a gefe, ta yi aiki a kan kwafin. Abubuwan suka riƙa fitowa ba suna, sai lambobi. Kullum da safe in shiga motar Gidan Kwano tare da ɗalibai, in zauna a barandarsu da abin ji a kunne, in riƙa buɗe su ɗaya-ɗaya. Na farkon da na ji muryarta a ciki, faɗa Yaya take wai an rage mata tsamiya a kunu. Na yi dariya har na rasa inda dariyar ta koma kuka. Labarin Kaka Mamman ya fito, zuriya ta fito, wasu da ɗan tsalle a tsakiya amma ana ganewa. Ita kwamfutar kanta Rifkatu ta tashe ta a rabin yini, har yanzu da ita nake rubuta muku wannan, da sabon batir.

Abin da maganata ta jawo ba zan ɓoye shi ba. Zainab ta ce na tozarta ɗan'uwanta, na kore masa mutane. Ta daina zuwa gidan nan, ta daina turo yara. Babbar salla ta wuce ban ga jikokina na Fadikpe ba, Nasiru kuma in ya zo a tsaye yake gaishe ni ya juya. Kusan shekara muna haka. Daga baya na je na sami Bala na ce masa wurin da na faɗi maganar bai dace ba, ya kamata in ja shi gefe. Maganar kanta ban janye ba, ba kuma zan janye ba. An ce yanzu yana tambaya kafin ya wanke. In gaskiya ne, madalla. Ni dai na san abin da shekarar ta ci mini: ƙaramar 'yar Nasiru ta fara tafiya, ta fara magana, ban gani ba, ranar da aka kawo ta kuma ɓuya ta yi a bayan uwarta.

Na bar zancen zaman ƙarshe sai yanzu don shi ne mai wuya. Sai a rana ta huɗu Rifkatu ta same shi. Ba ta miƙo mini abin ji nan da nan ba, ta fara cewa, Baba ka yi hakuri, a wurin da Bala ya zuba nasa yake. Daga zaman da ya fi awa ɗaya, abin da ya tsira bai kai minti ba. Farko ƙara ce kawai, shuu, sannan muryar Yaya ta fito tar:

"To ka ji sunayen ke nan. Ka riƙe su, Umaru, kada ka ce ban gaya maka ba. Ga kuma waƙar da take yi in tana niƙa."

Ta yi tari, ta rera layi huɗu a hankali, ƙarar ta sake rufe ta. Na manta sam ta yi waƙar. Ina jin Hausa da Nufanci da Gbagyi, ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ina iya cinikin kifi da Walafancin Senigal, amma a waƙar kakata ko kalma ɗaya ban gane ba. Mahaifiyar Rifkatu ta saurara sau uku ta girgiza kai ta ce ba tasu ba ce. Na sa ta a waya na bi kasuwannin ƙauye da ita, na kunna wa Kamukawa da Kambari da Dakarkari da duk tsohon da ya yarda ya tsaya. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce kamar ta taɓa jin irinta tana yarinya, ba ta tuna a ina ba. Iyakar abin da na samu ke nan.

Na kwafe wa kowannenku duka abin da ya tsira, yana cikin ambulan ɗin da ke tare da littafin nan. Sunan garin kam na yi iyakar ƙoƙarina in tuna na kasa, kuma ba zan rubuta muku abin da ban tabbatar ba. In 'ya'yanku suka tambaye ku daga ina Kaka Dije ta fito, kada ku ƙirƙira musu gari. Ku kunna musu waƙar, ku gaya musu gaskiya: sunan ya fi shekara ɗari yana tafe a bakin mata biyu da ba su taɓa shiga aji ba, ya tsallake hari da bauta da tsufa, ya iso hannunmu, mu masu ilimi, bai yi wata shida ba.